Gudun Aro

Bazara ce, irin wadda tabki ke ja da baya har masu garka su bi shi da gugansu. Mangwaro ya yi arha, barci ya yi wuya. Amma abin da na fi riƙewa game da shekarar nan shi ne kowa a Madarumfa ya zama masanin tarihi. Mai shayi yana da nasa, mai gyaran moto yana da nasa, har mai kawo mana ruwa a amalanke in ya tsaya sai ya kunna maka saƙon murya na wani da ba a taɓa ganin fuskarsa ba, yana bayanin wanda ya riga wani zama a ina. An sake gwamnati, an ce za a miƙe duk abin da aka rubuta a kanmu ya karkace, kuma kowa ya ɗauka daga kan kakansa za a fara.

Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne. Da goyo na yi shi, ƙarƙashin rumfar zana. Ina karanta Hausa a hankali, yatsana na gaba ina biye, Faransanci kuwa sai dai mu gaisa daga nesa. Shi ya sa na yi murna da aka ce littafin tarihi da labarin ƙasa na ƴan ajin ƙarshe ya zo cikin Hausa. Ɗiyata tana ajin. Ita ce ta fari, ba na kama sunanta, a nan ma ba zan kama ba. Ubanta ya riga ya yanke magana tun farkon shekara: in ta ci jarrabawa ta wuce kwaleji, in ta faɗi babu maimaici, ga garka tana jiran hannu, ga tumatir yana neman mai kai shi kasuwa. Ba mugunta ba ce, shi ma haka aka yi masa. Ita kuwa yarinyar tana son lakwal, makarantar boko, yadda kifi ke son ruwa.

Littattafan ba su isa ba, sai mushe, malamin ajinsu, ya haɗa yara uku-uku a kan littafi ɗaya. Ɗiyata ta faɗa tare da ɗiyar malamin masallacin unguwarmu da ɗiyar tsohon konsaye, wato kansila. Littafin ya riƙa zagaya gidajen uku kamar ƙwaryar aro, kowane gida da kwanansa.

A gidanmu akwai surukina, mahaifin maigidana, wanda muke kira Baba. Tsoho ne tukuf, kunnensa ya yi nauyi, amma labarin asali bai taɓa suɓuce masa ba. Kakan kakansa yana cikin waɗanda suka baro Katsina tare da sarki. Lokacin da aka kawo ni gidan, a bakin Baba kakan nan mai ɗaukar tabarmar sarki ne. Kafin in yaye na uku ya zama na hannun dama, wanda sarki ba ya shan ruwa sai ya shawarce shi. Ban taɓa cewa komai ba. Mamaci ma yana da haƙƙin ƙarin girma.

Wata la'asar ɗiyata ta shimfiɗa tabarma gindin dogon yaro, kusa da inda Baba ke kishingiɗa, tana karatu da ƙarfi yadda suke yi in za su haddace. Ina tankaɗe ina jin ta.

"Da mayaƙan jihadi suka ci Katsina, sarki da jama'arsa suka gudu. Daga baya suka tarar da daji a bakin gulbi, suka kafa Maradi."

Kunnen nan da ba ya jin sallama sai an yi ta sau uku, ya ji wannan tun a karon farko. Baba ya tashi zaune.

"Ke matata, me kika ce?" Haka yake kiranta, wasan kaka da jika.

"Suka gudu, tsoho."

"Wa ya gudu?"

"Sarki. Da jama'arsa."

"Da jama'arsa! Wato har da kakana."

"Ni dai ba ni na rubuta ba."

"To ɗan gidan uban wa ya rubuta? Yana wurin? Ya ga ƙurarsu?"

Ya ƙwala mini kira. Na ajiye rariya na zo na durƙusa. Ya ce tunda na yi bokon manya in ɗauko abin rubutu, in soke wannan rashin kunya in sa "suka yi hijira". Na ce Baba littafin ba namu ba ne mu kaɗai. Ya ce kakan nasa ne shi kaɗai. Na ɗauko fensir na ja layi siriri a kan "gudu", na rubuta "yi hijira" a sama, ƙanana, yadda in an so a goge sai ya gogu.

An kuwa goge. Da littafin ya dawo daga gidan malam, wurin ya yi baƙi-baƙi, da gani da yawu da yatsa aka yi aikin. An ja wa "gudu" layi biyu da tawada a ƙarƙashi, a gefen shafin kuma an yi rubutun ajami mai tsawo da ya gangara har ƙasa ya juyo. Ɗiyata ta ce malam ya ce hijira ba riga ba ce da kowa zai ara ya sa. Wanda ya bar garinsa don addini shi ya yi hijira, wanda tutar addini ta kora kuwa sunan abin da ya yi yana nan a rubuce, kuma wanda ya buga littafin Allah ya saka masa. Malam mutumin kirki ne, shi ya raɗa wa ƴaƴana suna. Sai dai shi ma a shekarar nan ya gano cewa kakansa yana cikin masu riƙe tuta, ko da yake tsofaffin unguwa sun san gidansu a Safo da gonar dawarsu.

Daga nan littafin ya je gidan tsohon konsaye. Wannan mutum ne da ba a taɓa yin gwamnatin da ta same shi ba shiri ba. Yana da huluna da yawa, kuma ya san wadda ake sawa kafin rediyo ya gama sanarwa. Shi da jan bik, wato biro, ya yi aiki. Ya soke "gudu", ya soke inuwar hijirata, ya rubuta "yi turjiya" da manyan baƙaƙe. Ya gaya wa yaran cewa gudu kalmar ƴan mulkin mallaka ce, Nasara ne ya dasa ta don ya karya mana gwiwa. An ce mai shayi ya tuna masa cewa lokacin yaƙin nan Nasara bai ko iso ƙasar ba. Ya ce ai nan ne za ka gane iyakar wayonsu.

Haka aka yi ta zagaye. Littafi ya zo gidanmu in sa hijira, ya je can a goge, ya wuce gaba a soke. Yaran kuwa duk kalmar da suka faɗa akwai gidan da za a yi musu tsawa a kanta. Takardar wurin ta yi laushi, har haske na ratsa ta. Baba da malam suka daina tsayawa gaisuwa bayan sallar asuba, sai ɗaga hannu. Konsaye ya canza hanyar zuwa kasuwa don kada ya bi ta ƙofar gidanmu.

Ranar da Baba ya gaji, bai kira ni ba. Ya sa jikarsa ta ɗora yatsa daidai kan kalmar, ya zaro askarsa ya yanke ta tsaf, ɗan murabba'i kamar ƙwayar gyaɗa biyu. Bai yar ba, don rubutu ne, ba a taka rubutu ko da na ƙarya ne. Ya buɗe battar tabarsa ya jefa ciki ya rufe. Sannan ya kalli yarinyar, ba wasa a fuskarsa.

"Daga yau, in bakinki ya faɗi wannan kalma a kan kakanninki, ko hannunki ya rubuta ta, ban yafe ba."

Ina bakin murhu na ji. Na kuwa san ɗiyata. Akwai yaran da za a gaya wa haka su manta kafin magariba. Ita ba ta cikinsu.

Abin da Baba bai lissafa ba shi ne in ka huda takarda ka yi taga, kuma taga sai ta nuna abin da ke bayanta. Takardar da ke ƙarƙashi ta labarin ƙasa ce, inda ake bayanin cewa in rani ya yi nisa sai ƙoramu su ƙafe. Kalmar "ƙafe" ta zo ta zauna daidai cikin tagar, kamar an auna mata. Ɗiyata ta duba, ta sake dubawa, sai ta karanta abin da ta gani.

"Sarki da jama'arsa suka ƙafe. Daga baya suka tarar da daji a bakin gulbi, suka kafa Maradi."

Matar da ta koya mana karatu a rumfar zana takan ce mu kula da ƙugiyar da ke kan baƙi, don ita ce tsakanin kafa da ƙafa. Ni na ji ƙugiyar nan sarai. Kunnen Baba kuwa ya zubar da ita a hanya.

"Yauwa! Suka kafe!" Ya buga cinya. "Ka ji gaskiya ta fito da kanta. Suka kafe, ko motsi ba su yi ba."

"Tsoho, in sun kafe ya aka yi suka zo Maradi?"

"Maradin ce ta zo ta same su. Ci gaba da karatunki."

A gidan malam, da ɗiyarsa ta rera masa, shi ya ji ƙugiyar, ta kuma yi masa daɗi. Ya ce haka ɓata take, ƙafewa take yi kamar ruwan kududdufi, ya yi hamdala. Konsaye shi ya leƙa tagar da idonsa. Bokonsa na Faransanci ne, ba a koya musu ƙugiya ba, sai ya karanta "kafe". Ya ce turjiya ke nan da ya yi ta faɗa, ko takarda ma ta gaji da ƙarya ta buɗe baki.

Aka samu zaman lafiya a unguwa irin wanda ba mu gani ba tun zuwan littafin. Baba da malam suka koma gaisuwa har da tambayar iyali, kowa yana yi wa ɗan'uwansa kallon tausayi, irin na wanda ya ci nasara bai son ya yi gori. Yaran uku suka rungumi kalmar, don ita kaɗai ce ba ta jawo musu tsawa a kowane gida ba. Ni ma na yi shiru. Ban san abin da ya faru a Katsina ba, ba na wurin, kuma tuwona ya fi shiga in maza ba sa hayaniya.

Jarrabawar gwaji ce ta tona mu. Aka tambayi abin da sarki da jama'arsa suka yi bayan an ci Katsina, yaran uku suka rubuta "suka ƙafe", da ƙugiyarsu da komai. Mushe ya zagaye amsar da ja, ya rubuta a gefen takardar ɗiyata: "Sarkin tabki ne?" Da ya karɓi littafin ya ga abin da ya zama, sai ya aika a kira iyaye.

An yi taron a cikin aji. Manyan mutane suka matsu a kan bencin yara, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa. Mu mata muna baya. Mushe saurayi ne siriri, ba ɗan garin ba, ya ɗaga littafin sama ya sa yatsa ta cikin tagar kowa ya gani. Ya ce littafin na gwamnati ne, kuma kalmar da ke wurin ita ce za a koyar.

"Wace kalma?" in ji Baba.

"Wadda ke wurin, Baba."

"Ai babu komai a wurin. Faɗe ta mu ji."

Mushe ya share gumi. Tun daga farkon taron har ƙarshensa bai furta ta ba, sai "kalmar nan" da "abin da aka buga". Na gane shi. Duk wadda ya faɗa akwai mai ɗaukar waya ya kai ƙararsa, kuma malamin lakwal ya san akwai garuruwa can cikin rairayi da ake tura masu dogon baki.

"Hijira suka yi," in ji Baba.

"A'uzu billahi," in ji malam. "Baba, da girmanka. Hijira daga me? Daga tutar Musulunci?"

"Kakannina suna salla tun naka yana korar tsuntsu. Tutar da ya riƙe a Safo tsumma ce a kan kara, a gonar dawa."

Aka yi dariya, malam ya gyara rawani. Konsaye ya miƙe, bencin ya biyo shi kaɗan kafin ya sake shi. Ya ce ƴan'uwa, wannan ba lokacin rarrabuwa ba ne, maƙiyan ƙasa suna kallonmu, kuma duk wanda ya ce kakanninmu sun juya baya to ya duba wa yake yi wa aiki.

"Kai yau wace hula ce a kanka?" malam ya tambaye shi. "Ta bara ce ko sabuwa?"

"Ni dai ban gaji ɗaukar tabarma ba," konsaye ya ce, yana kallon Baba, wanda bai ko taɓa shi ba.

"Na hannun dama!" Baba ya ɗaga sanda.

Ana cikin haka wani dattijo ya yi gyaran murya daga gefen taga. Maƙwabcinmu ne a garka, daga gidan masu bin al'adar kakanni, waɗanda muke ce wa anna. Jikansa yana ajin. Mutum ne mai sanyin magana, da shi muke musayar iri kowace shekara.

"Mushe, don girman iyayenka karanta mana gaba kaɗan. Bayan tagar."

Mushe ya yi murna da samun wurin da babu rami. Ya karanta: "Daga baya suka tarar da daji a bakin gulbi."

"Tsaya nan. To, mu ne dajin." Ya dubi jama'a. "Da masu korar da waɗanda aka koro, duk a nan kuka same mu, mu muka nuna muku inda ruwa yake. Ga shi kuna faɗa a kan an ce kun gudu. Mu ko gudun ba mu samu ba. In ba ku so, ku ba mu shi, mu ma mu shiga littafi. Ai in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba."

Mata muka rufe baki da gyale. A karo na farko a ranar Baba da malam da konsaye suka haɗa baki, suka ce ba wannan ya tara mu ba. Dattijon ya ce ya sani, ya koma ya jingina da bango.

Da rana ta take, yunwa ta yi abin da hujja ta kasa. Konsaye ya kawo shawara a liƙe shafin da na kusa da shi, a duk littattafan ajin, har sai an ji daga Yamai. Malam ya ce yana da ƙaro mai kyau wanda yake haɗa tawada da shi, ya aika aka ɗauko. Baba ya yarda, tunda abin da aka liƙe ba ya zagin kowa. Aka jiƙa ƙaro, aka bi littattafan ɗaya bayan ɗaya aka manne. Aka shafa fatiha. Kowa ya fita da tafiyar wanda ya yi nasara.

Na jira har aka watse, na tsaya bakin ƙofa. Na gaishe da mushe, na yi masa sannu da haƙuri, sannan na tambaye shi a hankali: in tambayar nan ta fito a babbar jarrabawa fa?

Ya duba dama da hagu. "Inna, masu gyaran takardu suna Maradi. Ba su san an liƙe komai a nan ba. Abin da aka buga shi za su nema."

"In ta bar wurin ba rubutu?"

"Maki ya tafi. Kuma ɗiyarki lissafi yana ja mata ƙafa, tarihi ne ke ɗaga ta. Ba ta da makin zubarwa."

Da na koma gida na tarar da ita zaune gaban kwano, ba ta taɓa abincin ba. Littafin yana kan cinyarta, don ranar kwananmu ne.

"Inna, in na rubuta, tsoho bai yafe ba. In ban rubuta ba, garka."

Ta fari ce, ba a nuna mata a fuska. Na ce ta tashi ta wanke kwanoni. Na sami ubanta na gaya masa, ya ce wannan tsakaninta da kakanta ne, shi bai isa ya shiga ba. Gaskiya ya faɗa. Tun yana yaro bai taɓa cin gardama da Baba ba, ba a kan tarihi zai fara ba.

Bayan la'asar na dama fura da nono, na sa ludayin da Baba ya fi so, na kai masa gindin dogon yaro. Na durƙusa nesa kaɗan. Suruka ba ta zuwa wa uban miji da magana kai tsaye, sai ta bi ta bayan gida. Na tambayi ƙafarsa, na tambayi barci. Na ce zafin bana ya sa na tuna da shekarar da gulbi ya cika ya shigo unguwa.

Kowa a gidan ya san labarin. Ɗiyata tana jaririya, ni ina can gidan suna, maza suna gona. Ruwa ya faso katanga. Baba, wanda a lokacin ma ba yaro ba ne, ya sunkuci jaririyar ya nufi tudu. Ya bar takalmi ɗaya a cikin laka, hularsa ta bi ruwa. Matan unguwa har yau suna rantsuwa cewa ya wuce jaki a hanya.

"Ranar nan Allah ya kiyaye," in ji shi, yana kurɓar fura.

"Ya kiyaye, Baba. Ƙannenta suna tambayata labarin. To ni ban san kalmar da zan ba su ba. In ce me kuka yi ranar?"

Ludayin ya tsaya a hanya. 

"Hijira."

"To."

"Hijira ce." Ya sake kurɓa. "Amma mai sauri."

Ban ɗaga kai ba. Sai na ji wani abu kamar tari, ashe dariya ce ta ƙwace masa, har furar ta sarƙe shi na miƙa masa ruwa.

"Ke ƴar nan, shekara da shekaru ina cewa ba ki da baki. Don ta farin taki kika zo? Ba kunya?"

"Don matarku na zo, Baba. An ce in ba ta rubuta abin da aka buga ba, sai garka. Na ce bari in gaya wa mijinta, kada ya ji a bakin duniya."

Ya yi ƙwafa. Ya ce masu gyaran takardun nan na Maradi su ma jikokin waɗanda suka zo da sarki ne, amma ci da baki ya sa sun manta. Ya ce duniya ta lalace. Ya faɗi abin da zai faɗa a kan malam da tsummansa, da konsaye da hulunansa. Na bar shi ya gama, don na ga hannunsa ya riga ya shiga aljihu. Ya fito da battar, ya buɗe, ya tona da farce. Ƴar takardar ta yi ja saboda taba, amma baƙaƙen huɗu suna nan.

Ya kira jikarsa. Ta zo hannunta da kumfar sabulu.

"Matata, ga wannan. Aro ne, kin ji? Ranar jarrabawa ki rubuta musu abinsu tunda shi suke ci da shi, na yafe na ranar. In kin fito ki dawo mini da kayana."

"To, tsoho."

"Kuma ki rubuta ta ƙanana. Kada ki cika mata layi."

"To."

"A gidan nan kuwa kada in ji ta. A nan kafewa suka yi."

Ya zuba takardar a tafin hannuna, don nata jiƙe yake. Na ƙulle ta a bakin zanena.

Washegari da na ɗora koko, na jira tukunya ta fara huci, na riƙe littafin a saman tururin. Ƙaron malam mai kyau ne kamar yadda ya faɗa, ya ɗauki lokaci kafin ya saki. Na bi shi da tsinken tsintsiya a hankali har shafukan suka rabu. Komai yana nan: fensirina, tawadar malam, jan bik na konsaye, ajamin da ya gangara gefe, da tagar a tsakiya. Na yago ƴar farar takarda na manna ta bayan tagar da ɗigon ƙullu, na kwance bakin zanena na zaunar da kalmar a mazauninta. Ta ɗan karkace, kuma shafin ya ɗauki warin taba.

Ɗiyata ta durƙusa kusa da ni. Na sa yatsa ƙarƙashin layin, ta bi shi da ido daga farko har ƙarshe, leɓɓanta na motsi ba sauti. Na shafa ƙullu kaɗan a bakin shafin kawai, na danne, yadda mai dubawa zai ga a liƙe yake, mai tsinke kuma zai buɗe. Na ce ta nuna wa ƙawayenta biyu inda ake sa tsinken, su ma jarrabawa ɗaya za su yi.

Muna cikin haka aka buga ƙarfen lakwal. Ta kurɓi koko a tsaye, ta cusa littafin a jaka, ta fita da abin nan da ba a faɗa a gidanmu. Na ji Baba daga zaure yana cewa, "A hankali, matata!" Ni kuma na koma kan tukunyata, kokon ya yi kauri, na ƙara masa ruwa.